Kundin Aikin Rarraba Asu Ma'auna Ƙasa

14 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda na lura cewa shawarar da na yanke a farkon mako nakan manta dalilinta kafin mako ya zagayo. Aikin da ke gabana shi ne tsara wani tsohon tarin busassun asu da aka damƙa mini amanarsa, akwatuna goma sha ɗaya waɗanda aka tattaro abin da ke cikinsu daga nahiyoyi dabam-dabam, sannan in rubuta jagora cikin Hausa da za ta taimaki mai koyo ya gane su. Dangin da tarin ya ƙunsa shi ne Geometridae, sunan da Leach ya raɗa masa a 1815, kuma an riga an bayyana nau'o'insa fiye da 23,000, abin da ya sa yake cikin manyan dangogin asu a duniya.

Matsalar farko ita ce ta kalmomi. Yawancin mutane idan an ce asu, ƙwaron da ke cin tufafi kawai suke tunawa, amma a nan zan yi amfani da kalmar ga dukan 'yan'uwan malam-buɗe-littafi masu yawon dare. Sunan dangin ya fito daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙasa da awo, domin tsutsarsu takan miƙa gabanta, ta jawo bayanta har jikinta ya tanƙware kamar baka, ta sake miƙewa, tamkar mai auna tsawon abu da taƙi. Shi ya sa na kira su asu ma'auna ƙasa. Game da matakan rarrabawa kuma, na tsayar da cewa dangi shi ne babban rukuni, a ƙarƙashinsa akwai reshe, sai ƙabila, sai gida, sai nau'i. Zan bar sunayen kimiyya yadda suke, tun da da su ne mai koyo zai nemi ƙarin bayani a ko'ina.

29 ga Janairu

Makonni biyu ke nan ina tace baƙi daga cikin tarin, wato asun da aka jera tare da ma'auna ƙasa alhali ba 'yan dangin ba ne. Wanda ya tara su ya dogara ne da kamanni: siririn jiki, faffaɗan fukafukai da ake shimfiɗawa idan an sauka, da layuka masu lanƙwasa da ke ratsa fiffiken gaba su zarce zuwa na baya. Alamu ne masu amfani, sai dai wasu dangogin ma suna da su, wasu ma'auna ƙasan kuma ba su da su.

Abin da ke raba gardama shi ne kunne. Ma'auna ƙasa suna da kunnuwa biyu a gindin ciki, ta ƙasa, daidai inda ciki ya haɗu da ƙirji, kowanne rami ne da wata siririyar fata ta rufe kamar fatar ganga, kuma da su suke jin kukan jemage tun kafin ya iso. 'Yan dangin Noctuidae a ƙirji kunnuwansu suke. 'Yan Pyralidae da Crambidae su ma a ciki nasu suke, amma gindin bututun bakinsu lulluɓe yake da ƙananan ɓawo, na ma'auna ƙasa kuwa tsirara yake. Da waɗannan abubuwa biyu na fitar da kusan rabin akwati na baƙi, kuma na fara sashen farko na jagorar da su.

Ga tsutsa bambancin ya fi sauƙin gani. Bayan ƙafafu shida na gaba, yawancin tsutsotsin asu suna da ƙafafun tsoka biyu-biyu a wurare biyar a ciki, ita kuwa tsutsar wannan dangi a wurare biyu kawai take da su, a gaɓa ta shida da ta goma, kuma giɓin da ke tsakiyar jikinta ne ya tilasta mata tafiyar awo. Sai dai a kula da tsutsotsin Plusiinae, waɗanda 'yan Noctuidae ne masu ƙafafun tsoka a wurare uku, su ma suna ɗan tanƙwarewa idan suna tafiya, har su ruɗi wanda ya yi gaggawa.

12 ga Fabrairu

Na fara raba tarin zuwa rassa, kuma a nan ne aikin ya koma kan jijiyoyin fiffike. Hanyar da ta fi mini sauƙi ita ce in kifa asun, in ɗiga barasar gwaji kaɗan a bayan fiffiken baya, sai ƙurar da ke rufe da shi ta jiƙe, jijiyoyin su fito fili na ɗan lokaci kafin ta bushe. Minti ɗaya ne ko ƙasa da haka, saboda haka dole na'urar ƙara girma ta kasance a saite tun kafin a ɗiga.

Rassa huɗu ne suka kwashe kusan dukan dangin. Ennominae ne mafi girma, da nau'o'i kimanin 10,000, kuma alamarsu rashin abu ce: jijiyar tsakiya ta biyu a fiffiken baya, wadda masana ke kira M2, ta ɓace ko ta zama ninki kawai. Larentiinae ne ke biye da fiye da 6,000, kuma a wurinsu jijiyar da ke bakin fiffiken baya takan manne da ta kusa da ita, su yi doguwar tafiya tare kafin su rabu. A wurin Sterrhinae, waɗanda yawancinsu ƙanana ne masu launin ƙasa-ƙasa, jijiyoyin nan biyu taɓa juna kawai suke yi kusa da gindi su wuce. Geometrinae kuwa, korayen cikin dangi, jijiyarsu ta M2 tana nan, kuma ta fi kusa da ta samanta fiye da ta ƙasanta.

A ganina rashin jijiya alama ce mai rauni idan ita kaɗai za a dogara da ita wajen haɗa dubban nau'o'i a reshe guda, domin abu yana iya ɓacewa sau da dama a zuriyoyin da ba su haɗa kaka ba. Amma ga mai zaune gaban akwati da hantsaki a hannu, ita ce ke aiki, kuma binciken ƙwayoyin gado bai rushe reshen ba.

3 ga Maris

Na yi ɓarna, kuma laifina ne. Akwai koraye guda bakwai da aka busar da fukafukansu a naɗe, sai na sa su cikin akwatin laima tare da sauran domin su yi laushi in iya shimfiɗa su. Bayan kwana biyu na buɗe na tarar huɗu daga cikinsu sun koma launin busasshiyar ciyawa. Na san cewa sinadarin da ke ba Geometrinae korensu, wanda ake kira geoverdin, ba ya jure laima da haske, amma na yi zaton kwana biyu ba za su yi komai ba. Sauran ukun na cire su, na bar su a naɗe yadda suke.

Ɓarnar ta tona mini wani kuskure da ya riga ni zuwa. Na koma akwatin Sterrhinae na sake duba jijiyoyin waɗanda suka ɗan fi sauran girma, sai na samu biyar da asalinsu koraye ne, shekaru suka wanke launinsu, mai tarin ya jera su inda launin ya nuna masa. Na mayar da su wurin 'yan'uwansu, na kuma rubuta gargaɗi a jagorar.

24 ga Maris

Wannan mako na kashe shi a kan tarihin rarrabawar, domin takardun shaidar da ke soke a jikin fil suna ɗauke da sunaye na zamani dabam-dabam, kuma ba zan iya gyara su ba sai na san inda kowanne ya fito.

A 1758 masanin halittu Linnaeus ya zuba yawancin asu a gida ɗaya mai suna Phalaena, ya ware ma'auna ƙasa a wani ɓangare nasa da ya kira Geometra. Ya bar wata al'ada da har yau ake ganin sawunta: nau'in da namijinsa yake da ƙahonni masu haƙora kamar mataji, sunansa yakan ƙare da aria, wanda ƙahonninsa suke kamar zare kuma ya ƙare da ata. Shi ya sa muke da betularia a gefe guda, da brumata da grossulariata a ɗaya gefen. Waɗanda suka biyo baya ba duka suka kiyaye al'adar ba, don haka ba hujja ba ce, amma takan taimaka wa tunani. Louis Prout, wanda ya rasu a 1943, shi ne ya bayyana ɗimbin nau'o'i daga kowace nahiya, kuma sunansa ne na fi cin karo da shi a bayan sunayen asun Afirka da Asiya. A 1999 aka buga kundin sunayen dangin na duniya baki ɗaya ƙarƙashin jagorancin Malcolm Scoble, kuma daga shi ne na fara kowane bincike na suna.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ƙananan rassan suka yi ta ƙaura. An daɗe ana ɗaukar Archiearinae, 'yan tsirarun asu masu yawo da rana, a matsayin mafi tsufa a dangin, saboda tsutsarsu tana da ragowar ƙafafun tsoka da sauran suka rasa. Hujjar ta yi kama da gaskiya, har sai da nazarin DNA ya nuna cewa Sterrhinae da Larentiinae ne suka fara ballewa daga tushe. Alsophilinae, masu matan da ba su da fukafukai, a da reshe ne mai zaman kansa, yanzu kuwa ƙabila ce a cikin Ennominae. Oenochrominae kuma ya zama kamar ɗakin shirgi, duk abin da aka rasa inda za a kai shi sai a tura shi can. Holloway ya fitar da Desmobathrinae daga ciki a 1996, sannan a 2019 Murillo-Ramos da abokan aikinta, bayan sun nazarci nau'o'i fiye da 1,200, suka ware wani sabon reshe mai suna Epidesmiinae, wanda yawancinsa a Ostareliya yake. Mafi ban mamaki shi ne gidan Macrosoma na kudancin nahiyar Amurka, wanda ya zauna a wannan ɗakin shirgi shekaru masu yawa, har Scoble ya nuna a 1986 cewa ba ma'aunin ƙasa ba ne ko kaɗan, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi ne na kusa.

Na yanke shawarar cewa sunan gida da na nau'i zan buga su da tawada, sunan reshe da na ƙabila kuwa a kan takarda dabam, da fensir, a saman kowane layi, yadda za a iya sauya su ba tare da an taɓa asun ba. Tsofaffin takardun ba zan cire ko ɗaya ba, sabuwar za ta shiga ƙarƙashinsu.

15 ga Afrilu

An gama Sterrhinae zuwa matakin gida. Raba Idaea da Scopula ya zo da sauƙi fiye da yadda na yi tsammani, domin a fiffiken baya na Idaea akwai jijiyoyi biyu da ke fitowa daga kara ɗaya su rabu daga baya, a Scopula kuwa kowace da mafitarta. Kai su matakin nau'i wani aiki ne, kuma na ɗage shi.

6 ga Mayu

Akwati na shida na Turai ne, kuma a cikinsa na samu jerin Biston betularia, farare masu ɗigon baƙi a layi ɗaya, baƙaƙe wuluk a wani layin, kowane layi da takardar suna tasa kamar nau'o'i biyu ne. Nau'i ɗaya ne. An ba da rahoton baƙin a Manchesta a 1848, a lokacin da hayaƙin masana'antu ya turnuƙe garuruwan Ingila ya baƙanta ɓawon itatuwa, kuma kafin ƙarnin ya ƙare baƙaƙen sun kusa shafe fararen a yankin, saboda tsuntsaye sun fi hango fari a kan baƙin kututture. Wani masani mai suna Kettlewell ya gwada wannan a shekarun 1950, an yi ta sukar hanyarsa, sai wani masanin mai suna Majerus ya sake gwajin na tsawon shekaru, aka buga sakamakonsa a 2012 bayan rasuwarsa, ya tabbatar da batun tsuntsayen. Da iska ta gyaru bayan dokar tsabtace iska ta 1956, fararen suka dawo. A 2016 aka gano cewa wani guntun DNA ne ya kutsa cikin ƙwayar gado mai suna cortex ya haifar da baƙin launin.

Labarin sananne ne a darasin sauyin halittu, amma abin da ya shafi aikina shi ne cewa carbonaria, sunan da ke kan layin baƙaƙen, sunan kama ne kawai, ba shi da matsayin nau'i. Na haɗe layukan biyu. A jagorar na haɗa shi da misalin Nemoria arizonaria ta kudu maso yammacin Amurka, wadda Erick Greene ya nuna a 1989 cewa tsutsarta ta bazara takan yi kama da furen itacen ok da take ci, wadda ta ƙyanƙyashe daga baya ta ci ganye kuma ta yi kama da tsinke, kuma abincin ne ke sauya siffar. Wanda ya ga tsutsotsin biyu a hannu ɗaya zai rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba.

A wannan akwati akwai kuma wasu ƙananan halittu masu dogayen ƙafafu da guntayen fukafukai, waɗanda da farko na ɗauka ƙwari ne suka shiga suka mutu. Matan Operophtera brumata ne, asun hunturu, waɗanda ba sa tashi sai dai su hau kututture su jira maza. Da fiffike kaɗai jagorar ta dogara, da babu inda za ta kai mai koyo game da su.

2 ga Yuni

Idan nau'i ɗaya yana iya zuwa da fuska biyu, to nau'o'i da yawa ma suna iya zuwa da fuska ɗaya, kuma wannan ne ya fi cin lokaci. Kama da wane ba wane ba ne. Gidan Eupithecia shi kaɗai ya haura nau'o'i 1,400, kusan dukansu ƙanana ne masu launin toka, ina da su cike da akwati guda. Haka nan Epirrita dilutata da christyi da autumnata, waɗanda ko gwanaye ba sa yarda su raba su da ido.

Saboda haka na fara fiɗa. Nakan ɓalle cikin asun daga gindi, in jiƙa shi cikin ruwan potassium hydroxide mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 har naman ya narke, in wanke, in share ƙurar da siririn buroshi, sannan in zaro gaɓoɓin haihuwa a ƙarƙashin na'ura. Na namiji suna da marufi biyu kamar tafukan hannu a haɗe, sai an buɗe su a hankali an danne da guntun gilashi cikin barasa kafin su tsaya a shimfiɗe. Na farko da na yi ya yage a hannuna, na biyu ya tsalle daga bakin hantsaki ban sake ganinsa ba. Daga na biyar hannu ya fara faɗawa. A wurin Epirrita ba ma sai an kai can ba, domin a ƙarshen cikin namiji akwai wasu 'yan ƙayoyi biyu a gaɓa ta takwas, kuma tazarar da ke tsakaninsu da siffar marufin su ne ke faɗin nau'in. Daga cikin waɗanda aka rubuta wa dilutata, biyu sun fito christyi.

Kowane gilashi yana samun lamba, ita kuma lambar tana komawa kan fil ɗin asun da aka ciro shi. Idan wannan igiya ta tsinke, an yi asarar asun da gilashin gaba ɗaya.

Ina cikin karatu a kan Eupithecia na sake cin karo da 'yan gidan na tsibiran Hawai, waɗanda Steven Montgomery ya gano cewa tsutsotsinsu mafarauta ne: takan tsaya ƙyam a bakin ganye kamar tsinke, ƙuda na taɓa bayanta sai ta juyo ta cafke shi da ƙafafun gaba. Babu su a tarin, amma na ba su sakin layi guda.

30 ga Yuni

Ennominae na Afirka sun fi ba ni wuya, ba don sun fi sauran rikitarwa ba, sai don hotuna da bayanansu a warwatse suke. Rukunoni biyu ne na samu madogara mai ƙarfi a kansu. Zamarada, masu fukafukai garai-garai kamar gilashi mai ɗan kore da baki mai launin ƙasa, Fletcher ya yi musu cikakken bita a 1974, ƙabilar Macariini kuma, wadda gidan Chiasmia yake ciki, Krüger ya bita ta a 2001. Na kuma gane Ascotis selenaria, wadda tsutsarta ke cinye ganyen kofi a Kenya, da Hyposidra talaca daga akwatin Asiya, wadda ta addabi gonakin shayi a arewa maso gabashin Indiya. Irin waɗannan su ne amsata ga mai tambayar amfanin sanin suna, tun da manomi ba zai samu maganin da ya dace ba idan ba a san wace tsutsa ce ke gonarsa ba.

Akwati na tara ya zo ba takardar wuri ko kwanan wata a jikin ko ɗaya. Duk wanda ya tara shi ya yi wahalar banza. Zan yi amfani da su wajen koyar da fiɗa.

21 ga Yuli

Na ware asu talatin da biyu da na kasa kai su matakin nau'i, na cire ƙafa ɗaya daga kowanne na sa a rijiyar farantin gwaji domin a karanta musu lambar DNA. Hanyar ita ce wadda Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, inda ake karanta haruffa 658 na ƙwayar gado mai suna COI a kwatanta da rumbun BOLD, wato ma'ajiyar irin waɗannan lambobi a intanet, kuma ma'auna ƙasa suna cikin dangogin da aka fi cika wa wannan rumbu. Ba na sa rai da yawa ga tsofaffin, domin DNA yana ruɓewa da shekaru, balle waɗanda suka sha laima. Lambar kuma ba ta raɗa suna, sai dai ta ce wannan ya yi kusa da wancan, kuma idan wanda aka kwatanta da shi an yi kuskuren sunansa tun farko, kuskuren ne zai dawo mini. Duk da haka ita ce ta nuna wa Gunnar Brehm da abokan aikinsa cewa dazuzzukan tsaunukan Andis na kudancin Ikwado, inda tun farko suka ƙirga ma'auna ƙasa fiye da nau'i 1,000 a ɗan ƙaramin yanki, sun ƙunshi fiye da abin da ido ya raba.

18 ga Agusta

Sakamako ya dawo ga goma sha tara daga cikin talatin da biyu. Goma sha ɗaya sun dace da sunayen da nake zato, biyar sun dace da jerin da ke rumbun waɗanda su ma ba su da sunan nau'i sai na gida, uku kuma ba su yi kusa da komai ba. Ɗaya daga cikin ukun nan shi ne wanda na ajiye tun watan Fabrairu a ƙarshen layin Larentiinae da alamar tambaya, saboda jijiyoyinsa sun manne kamar nasu amma siffar jikinsa ta ƙi zama a can. Mace ce, kuma ita kaɗai ce a tarin, don haka ba zan fiɗe ta ba sai hannuna ya ƙara nuna a kan mata, waɗanda gaɓoɓin haihuwarsu suka fi na maza saurin fashewa.

Akwatuna bakwai sun kammala, na tara ya fita daga lissafi, saura uku, duka Ennominae. A jagorar an gama sashen gane dangi da na rassa huɗu, sashen ƙananan rassa yana jiran zane-zanen jijiyoyi. Mako mai zuwa zan fara ƙabilar Boarmiini, kuma abin da zan fara dubawa a jikin mazansu shi ne ɗan kumburin nan mai kama da bororo da ke gindin fiffiken gaba.